Gizo a Cikin Aji: Sharhi a Kan Koyar da Tatsuniya a Ƙananan Azuzuwan Firamare a Lafiya, Jihar Nasarawa

1.0 Gabatarwa

A watan Nuwamba na shekarar 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana cewa gwamnatin tarayya ta soke manufar harshe ta 2022, wadda ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa ko harshen muhallinsu a duk shekaru shida na firamare, aka kuma mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe. Tanadin fara karatun yaro da harshen da ya sani ya samo asali ne tun daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, kuma bugun 2004 ya ƙayyade masa shekaru uku na farko. Wannan takarda ba za ta shiga muhawarar dacewar sokewar ko rashin dacewarta ba. Abin da ya shafe mu shi ne sakamakonta a kan darasin Hausa. Tun da yanzu Hausa ta tsaya a matsayin darasi guda a cikin jadawali, to 'yan mintocin da aka ware mata a mako su ne kaɗai lokacin da hukuma ta amince yaro ya ji ta, ya kuma yi magana da ita a cikin aji. A aji ɗaya zuwa uku kuwa, inda mafi yawan yara ba su kai ga karanta shafi guda da kansu ba, tatsuniya ce adabin da yaro zai iya riƙewa daga farko har ƙarshe. Ke nan yadda ake koyar da ita ba ƙaramin al'amari ba ne.

Ra'ayin wannan takarda shi ne, yadda aka saba tsara darasin tatsuniya yana cire mata abin da ya sa ta cancanci shiga aji tun farko, kuma wannan illa ta fi fitowa fili a gari irin Lafiya.

2.0 Lafiya ba Kano ba ce

Lafiya ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da aka ciro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato. Sarautarta ta zuriyar Muhammadu Dunama ce, shi ya sa ake kiran ta Lafiyar Barebari. A cikin garin da kewayensa akwai Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Hausawa, ban da Ibo da Yarbawa da ciniki ko aikin gwamnati ya kawo. Hausa ce harshen kasuwa da tasha da wasan yara a bakin layi, amma a gidaje masu yawa ba ita ake yi ba. Saboda haka malamar aji biyu a Bukan Sidi ko Tudun Gwandara tana fuskantar yara iri uku a benci ɗaya: wanda ya sha Hausa a nono, da wanda ya tsince ta a waje, da wanda bai daɗe da zuwa daga ƙauye ba, yana jin kaɗan, yana kunyar furtawa.

Hausar da yaro ke tsinta a waje tana da siffofin da kowane malami a yankin ya sani. Bambancin jinsi yakan ɓace, a ji yaro ya ce "yarinya ya zo". Baƙaƙe masu ƙugiya sukan koma 'yan'uwansu marasa ƙugiya, har fada da faɗa, ko gaba da gaɓa, ko kafa da ƙafa su zama abu ɗaya a baki. Wannan ba aibin yaro ba ne. Halin harshen hulɗa ke nan a ko'ina, kuma ko harshen Gwandara, wanda ya fi kowane harshe kusanci da Hausa, ba ya rarrabe jinsi kamar yadda Hausa ke yi. An daɗe da rarrabe Hausa a matsayin harshen farko da kuma harshe na biyu a ƙaramar sakandare. A firamare kuwa ana ɗauka cewa yaro ya zo da harshen daga gida, ya kuma zo da Gizo da Ƙoƙi da Dodo a cikin kansa. Wannan zato ya dace da yaron Kano ko Katsina ko Zariya. A Lafiya, ga yara da dama, bakin malama ne wurin da za su fara jin sunan Ƙoƙi.

3.0 Abin da jadawali ya yi wa tatsuniya

Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda hukumar NERDC ta tsara aka fara aiki da ita a 2008, ta saba wa malamai da wani irin jadawali: batu, manufofin da za a cim ma, ƙunshiya, ayyukan malami, ayyukan ɗalibi, kayan koyarwa, sannan auna fahimta. Tsari ne mai amfani, domin ya hana malami shiga aji da hannu biyu. Sai dai gurbin manufofi yana neman abin da za a iya aunawa, wato yaro ya faɗi, ya lissafa, ya ambata. Idan aka zuba tatsuniya a wannan mazubi, shirin darasi yakan fito da fuska ɗaya: ɗalibai su faɗi ma'anar tatsuniya, su ambaci taurarin cikinta, su kawo darussan da ta koyar. Malama ta karanto labarin daga littafi, ta rubuta ma'ana a allo, yara su kwafa, a rufe da tambayar nan da ba ta canzawa: wane darasi muka koya?

Neman ɗan shekara shida ko bakwai ya haddace ma'anar tatsuniya aikin banza ne, kuma ba sai an daɗe a kansa ba. Tambayar darasi ce ke buƙatar a tsaya, domin ita ce ta fi kama da gaskiya, ita ce kuma ta fi yin ɓarna.

A ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki. Ana yunwa, hankaki sun san wani ɓaure a tsakiyar kogi. Gizo ya lallaɓe su, kowa ya ara masa gashi guda, ya tashi tare da su. Da aka isa, duk ɓauren da hankaka ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga gani. Suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan itace, ya faɗa ruwa. A nan malama takan tsaya, ta rubuta a allo cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne. To amma a cikakkiyar ruwayar labarin bai ƙare ba. Gizo ya faɗa hannun kadoji, ya yi musu kukan ƙarya ya ce shi ɗan'uwansu ne da ya ɓata tun yana ƙarami, suka sauke shi a ɗakin ƙwayayensu, ya cinye ƙwan, ya sa aka haye da shi gaɓa, ya tsere. Kwaɗayin bai kai shi ga halaka ba. Ƙoshi ya yi. Haka abin yake a labarin da ya ci bashin Giwa da na Dorina, ya miƙa wa kowannensu bakin igiya ɗaya ya ce dokin biyan bashi ne a ɗaya bakin, ya bar manyan biyu suna ja-in-ja da juna. Wane darasi ne a nan? In malama ta ce "yaudara ba ta da kyau", yaron da ya saurara da kyau ya san ba abin da labarin ya nuna ke nan ba. Abin da zai koya a ranar shi ne, a darasin Hausa akwai amsar da malama ke so, kuma ba lallai ne ta yi daidai da abin da kunnensa ya ji ba. Wannan mummunan tubali ne ga wanda ake son ya zama mai karatu da fahimta.

Ba ana musun cewa tatsuniya tana tarbiyya ba ne. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya gina bincikensa na digiri na uku a kan rawar da adabin baka ke takawa wajen rainon ɗan Bahaushe, kuma akwai tatsuniyoyi masu yawa da sakamakon ladabi da na rashin kunya ke bayyana ƙarara a cikinsu. Amma tarbiyyar Gizo ta wata hanya take bi. Yaro yana dariyar tsamin bakinsa, yana jin daɗin yadda ƙaramin abu ya juya Giwa, a lokaci guda kuma yana gane cewa mai daɗin baki abin tsoro ne, kuma wanda aka yaudara yakan ba da ƙofa da kwaɗayinsa ko wautarsa. Wannan ilimin zaman duniya ne, ba ya shiga jimla ɗaya a allo. Liƙa wa kowane labari darasi a wutsiya ma ba lallai ba ne a tatsuniyar Hausa. A Faransa ne Charles Perrault ya yi haka a littafinsa na 1697, inda ya bi kowane labari da 'yan baitocin wa'azi. Tsohuwa a tsakar gida tana rufewa ne da "ƙurungus", ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya.

Wannan marufi, da mabuɗinsa na "ga ta nan, ga ta nanku" da amsar "ta zo mu ji ta", sau da yawa ana ɗaukar su ado ne da za a iya tsallakewa don lokaci. Kuskure ne. Su ne shingen da ke gaya wa yaro cewa daga nan an shiga duniyar ƙage, daga nan kuma an fito. Iyayen da ke ƙyamar tatsuniya bisa hujjar cewa ƙarya ce, Musulmi ne ko Kirista, amsarsu tana cikin wannan shinge: labarin da ya shelanta kansa a matsayin ƙage tun daga bakin ƙofa bai yaudari kowa ba. Rarrabe ƙage da labarin gaskiya kuwa yana cikin manyan abubuwan da ake son yaro ya fita da su daga firamare.

4.0 Ruwan Bagaja da yaran da ke zaune a benci

Akwai matsalar da ta fi ta Gizo nauyi, wadda kuma ba a cika tattauna ta ba. Tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda ta sha bamban da littafin Abubakar Imam mai wannan suna, tana cikin mafiya kyawun gini a adabin bakan Hausa. An aiki 'yar bora ta wanke ƙirgi a wani ruwa mai nisa. Ta bi hanya tana tambaya cikin ladabi, ta ƙi taɓa abin da ba a ba ta ba, ta ga abin al'ajabi ta kame bakinta, aka ba ta zaɓi ta ɗauki ƙaramin ƙwai, ta fasa, dukiya ta fito. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya da zari, ta ɗauki babban ƙwai. Tafiya biyu masu matakai iri ɗaya da sakamako mabambanta: babu abin da ya fi wannan sauƙin riƙewa ga ƙaramin yaro, kuma maimaicin "ta je, ta tarar, ta ce" darasin jinsi ne da ya fi kowane jadawalin wakilin suna.

Amma a dubi ajin. A cikin yaran akwai 'ya'yan kishiyoyi, wani lokaci ma 'yan uba su biyu a aji ɗaya, kuma sun san wace ce mowa wace ce bora a gidansu ko da ba a taɓa furta kalmomin ba. A gida, kaka ce ke ba da labarin, ta san jikokinta, ta san inda za ta sassauta. Malama mai yara fiye da 35 ɗin da Manufar Ilimi ta ƙayyade wa aji ba ta da wannan sani. Na biyu, a yawancin ruwayoyi abin da ke fitowa daga ƙwan 'yar mowa a matsayin azaba shi ne taron kutare da makafi da guragu. Nijeriya ta sanya hannu a kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci a watan Janairu na 2019, ana kuma kira ga makarantu su karɓi irin waɗannan yara a aji ɗaya da sauran. Ba zai yiwu mu zaunar da yarinyar da shan-inna ya taɓa a layin gaba ba, sannan mu sa aji ya yi shewa saboda an hukunta marar kunya da tarin masu irin lalurarta.

Masu cewa a bar gado yadda aka same shi suna da hujja, sai dai hujjar ta ginu ne a kan zaton cewa tatsuniya tana da matani guda tsayayye. Binciken Farfesa Sa'idu Babura Ahmad, wanda aka buga a 1997 da sunan Narrator as Interpreter, ya nuna cewa akwai ƙashin labari da ba ya motsi, akwai kuma sassan da kowane mai bayarwa ke sarrafawa gwargwadon fahimtarsa da masu sauraronsa. Ƙashin Ruwan Bagaja shi ne gwajin hali da zaɓin ƙwai. Abin da ya fito daga babban ƙwai yana cikin sassan da mai bayarwa ke da iko a kansu. Zuma ko rina ko toka za su yi aikin. A ganinmu malama tana da wannan iko kamar yadda kaka ke da shi, da sharaɗin jagoran malami ya faɗi ruwayar asali da dalilin sauyawar, don kada malamar kanta ta tashi ba ta san gadonta ba.

Batun kishiya ya fi wuyar magani, kuma a nan darasin Turai ba ya taimakon mu. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fitar da tarin tatsuniyoyinsu a 1812, suka yi ta gyara shi har bugu na bakwai a 1857. Cikin gyaran da suka yi don yara har da mayar da muguwar uwa ta koma matar uba a wasu shahararrun labarai. Wato sun sauke laifi daga kan uwa suka ɗora wa wadda ba ta haifa ba. Maganinsu shi ne ainihin ciwonmu. Abin da ya fi dacewa shi ne a ɗaga tatsuniyoyin bora da mowa zuwa aji huɗu ko biyar, inda za a iya tambayar yara ko laifin uwa yana bin 'ya, su kuma iya amsawa. A aji ɗaya zuwa uku tatsuniyoyin dabbobi sun wadatar.

5.0 Littattafan da ke hannu

Ba ƙarancin abin koyarwa ake yi ba. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, R. S. Rattray kuma ya fitar da nasa tarin a 1913 daga rubutun Malam Shaihu, a ƙasar da ake kira Gana a yau. Taska ce ga manazarci, amma ba ta aji biyu ba ce: malamai maza ne suka rubuta su don Turawa, alhali a gida mata ne suka fi riƙe da tatsuniya, rubutun tsoho ne, kuma akwai labaran da ba na yara ba. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, shi malamai suka fi saurin miƙa wa hannu. Gwanintar Imam ba abin jayayya ba ce, amma littafinsa rubutaccen adabi ne da ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da Grimm da wasunsu ya yi musu rigar Hausa, kuma dogayen jimlolinsa da karin maganarsa sun fi ƙarfin yaron da ke fama da "ya" da "ta". Wanda ya fi kusa da buƙata shi ne jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littafi shida da suka fito a farkon shekarun 1970, domin ya bar waƙoƙin cikin labari a inda suke, ya kuma haɗa tatsuniya da wasa kamar yadda suke a dandali. Taskar Tatsuniyoyi ta Dakta Bukar Usman, wadda aka haɗe a 2012, tana da wata daraja ta daban ga Lafiya: marubucin ɗan Biu ne, aikinsa kuma shaida ne cewa Hausa tana iya ɗaukar labaran al'ummar da ba Hausawa ba, ba tare da ta haɗiye su ba.

Duk da haka, ko mafi kyawun littafi a cikinsu na malama ne, ta karanta a gida ta zo ta bayar da ka. Tatsuniyar da aka karanto ido na kan takarda ta rasa murya da fuska da hannu, waɗanda su ne ƙamus ɗin yaron da Hausarsa ba ta nuna ba. Ba ya buƙatar a fassara masa "ya yi tsuru-tsuru" idan ya ga malama ta yi. Waƙar da ke dawowa sau uku ko huɗu a cikin labari ita ce wurin da mai kunya ke buɗe baki, domin a cikin amshi babu wanda zai ji kuskurensa, kuma kafin a kai ga maimaici na ƙarshe harshensa ya fara kama ƙ da ɗ. Shirye-shiryen koyon karatu da Hausa irin Mu Karanta, wanda aka gudanar a Bauci da Sakkwato, sun ware wa sauraron labari gurbi na musamman saboda sanin cewa fahimtar ji ita ce gadar fahimtar karatu. A nan ya kamata horon malamai a wurare irin Kwalejin Ilimi ta Akwanga ya sa ido: ɗalibin malanta ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya ba da tatsuniya uku da ka, a ba shi maki a kan haka, kamar yadda ake ba shi a kan rubuta shirin darasi.

6.0 Abin da yaron ya zo da shi

Yaron Eggon ko Alago ko Migili bai zo aji da kai fanko ba. Akwai labaran dare a gidansu, da nasu mai wayon da nasu wawan. A wajen Tibi zomo ne, Alom, ke riƙe da matsayin Gizo, kuma daga al'adar ba da labarinsu ne wasan Kwagh-hir ya tsiro, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2019. Idan malama ta gama labarin Giwa da Dorina ta tambaya, "a gidanku wa ke yin irin wannan wayo?", ta buɗe ƙofar da babu littafin da zai buɗe. Yaron da zai tashi ya ba da labarin kakarsa da Hausa yana yin aikin harshe mafi wuya da za a nema daga ɗan aji uku, kuma yana yin sa ne a kan abin da ya fi kowa sani a ajin. Iyayen da ke ganin darasin Hausa hanya ce ta shafe harsunansu, wanda kuwa tsoro ne da ke da tushe a wannan yanki, za su ga abin da ya saɓa wa zatonsu.

Wannan yana buƙatar gyara gurbin auna fahimta. Maimakon ma'ana da darussa, a nemi yaro ya sake ba da labarin bi da bi, ya faɗi abin da Gizo ya ce wa kada da irin muryarsa, ya yi hasashen abin da zai faru da hankaka ɗaya ya bar masa gashinsa. Dukkan waɗannan ana iya auna su, a kuma rubuta maki. Ga aji uku akwai wani rukuni da Hausa ke da shi a yalwace amma ba a cika kai shi aji ba, wato tatsuniyoyin da ke ƙarewa da tambaya, inda gwanaye biyu ko uku kowa ya nuna bajintarsa a ce wa masu sauraro a cikinsu wa ya fi. Ba su da amsar da za a rubuta a allo, dole kowane yaro ya zaɓi gwaninsa ya kawo dalili. Darasi mai minti 30 ko 35 ba zai ɗauki bayarwa da amshi da irin wannan gardama a zama ɗaya ba, don haka a tsarin aikin zango a ba kowace tatsuniya zama biyu: na farko na malama, na biyu na yara.